Yadda ake shiga sinima a kalli fim a fito ba tare da kowa ya tsine maka a zuci ba

Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zama a bayana a sinima, har yau ban manta da shi ba, kuma fuskarsa ma ban gani ba, muryarsa kawai na sani. Ya riga ya kalli fim ɗin, ga dukkan alamu ba sau ɗaya ba, shi ne ya jawo abokinsa suka zo tare, to tun daga minti na biyar ya kama aiki. "Ka ga wannan mai gemun? Kar ka yarda da shi, shi ne zai ci amanarsu." Can an jima, "yanzu fa motar za ta kama da wuta, tsaya ka gani." Kuma ta kama ɗin. Haka na zauna awa biyu cur, na biya tikiti da kuɗin gumina amma labarin duk a bakin wani na ji shi, na juya na harare shi har sau biyu, to a duhu wa zai ga harara.

Tun ranar nake tunanin wai me muke saya ne idan mun yanki tikiti. Fim ɗin dai nan da 'yan watanni zai iso wayarka ka kalla kana kwance. Abin da ya fito da kai daga gida babban allo ne da sauti mai kyau da duhu da shiru. Allo da sauti aikin masu gidan ne, amma duhu da shiru mu 'yan kallo ne muke ba juna, mutum ɗaya tak ya isa ya ƙwace su daga hannun mutum 200. Kuma matsalar ba ta yau ba ce. A ranar 28 ga Disamba 1895 ne wasu 'yan uwa biyu Faransawa masu suna Lumière suka haska wa mutane fim a Paris aka biya kuɗi aka kalla, ba a yi wasu shekaru masu yawa ba sai ga masu gidajen kallo a Amurka suna haska rubutu a allo kafin a fara, suna roƙon mata su cire manyan hulunansu saboda na baya su samu su gani. Wato tun fim bai fara magana ba ake fama da 'yan kallo. Bari mu bi abin daki-daki tun daga gida har fitowa.

Mataki na 1: tun kana gida

Rabin rigimar da ake yi a cikin sinima da an duba waya na minti uku a gida da ba a yi ta ba. Ka duba abu uku. Na farko tsawon fim ɗin, don akwai na minti 90 akwai kuma irin su Titanic da ya haura awa uku, idan ka san kana da wani uzuri da zai tashe ka a tsakiya gara ka ɗaga zuwa wata rana. Na biyu yarensa, ko da fassara ake rubutawa a ƙasan allo, domin in ka je da wanda ba ya iya bin rubutun da sauri to ka zama tafinta ke nan, kuma tafinta a sinima annoba ne. Na uku shekarun da aka yarje wa kallo. Kowace ƙasa da tsarinta, a Amurka alamomin da ake sa wa fim akwai G da PG, da kuma PG-13 wadda aka ƙaro a 1984, sai R wanda ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. A Ingila akwai U da PG da 12A da 15 da 18, kuma 15 da 18 ɗin nan ko da uban yaro ne ya riƙo hannunsa ba za a bar shi ya shiga ba. Ka san na inda kake, kar ka je ka tsaya kana ja-in-ja da mai karɓar tikiti, ba shi ya kafa dokar ba, layi kuma yana ta tsawo a bayanka.

Sai zaɓen kujera in wurin na masu lamba ne. Wurin da ya fi daɗi shi ne tsakiya, ka ƙirga kamar kashi biyu cikin uku na ɗakin daga allo zuwa baya, a nan ne masu saita sauti suka saba tsayawa su daidaita lasifikoki. Amma fa ka san kanka. In kai mai yawan fita fitsari ne, ko da ƙaramin yaro ka zo, ko kana jiran wani kira da ba makawa sai ka amsa, to ka haƙura da tsakiya ka ɗauki kujerar bakin hanya. Kujerun da aka ware wa masu keken guragu da mai raka su kuwa ka bar musu abinsu, ko da ka ga kamar ba kowa.

Jiki kuma, ka yi wanka dan Allah, ɗaki ne rufaffe ba taga, kafaɗa da kafaɗa za a zauna. Turare ma kar ka yi wanka da shi, akwai masu asma akwai waɗanda ƙamshi mai ƙarfi ke sa wa ciwon kai kuma ba inda za su gudu. Ka riƙo 'yar riga mai kauri saboda sanyin esi. In kana fama da tari ko mura mai ƙarfi ka zauna a gida, fim ba ya guduwa.

Mataki na 2: ka zo da wuri

Lokacin da aka rubuta a tikiti yawanci ba shi ne lokacin da fim ke farawa ba, ana fara sa tallace-tallace da tallan finafinai masu zuwa, a wurare da yawa sukan ci minti 15 zuwa 20 ko ma fiye. Wannan ne ke ruɗin mutane su ce ai da sauran lokaci, sai cunkoson hanya ya riƙe su, sai layin tikiti, sai layin lemo, kafin su shiga an kashe fitilu jarumi har ya fara shan wuya. Ni dai shawarata ka iso minti 20 kafin lokacin da ke tikiti. Ka shiga banɗaki ko ba ka ji matsuwa ba. In za ka sayi wani abu ka yanke shawara tun kana cikin layi, ba sai ka iso gaban mai sayarwa ba sannan ka juya kana tambayar abokinka "kai me za ka sha ne?"

Da can a Amurka mutane na shiga sinima duk lokacin da suka ga dama, su tarar da fim a tsakiya su zauna har ya zagayo. A 1960 da daraktan fim Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗinsa Psycho ya kafe cewa kar a bar kowa ya shiga bayan an fara, masu gidajen suka yi ta ƙorafi da farko, ƙarshe dai mutane suka riƙa yin layi a waje suna jira. Wani lokacin nakan ce ina ma a dawo da wannan dokar.

To in ƙaddara ta sa ka makara fa? Ka tsaya daga bakin ƙofa na ɗan lokaci idonka ya saba da duhun, ka duba lambar kujerarka tun a waje inda akwai haske, kar ka shiga kana haska tocilan waya a fuskokin mutane kamar mai neman ɓarawo. In dole sai ka haska to ƙasa za ka haska, saitin ƙafarka. In kujerarka na can tsakiyar layi kuma fim ya yi nisa, ka nemi ma'aikacin wurin ya taimaka maka, ko ka jira wurin da ake hayaniya a fim ɗin sannan ka wuce.

Mataki na 3: abin ci da abin sha

Gugguru da sinima sun daɗe tare amma da farko masu gidajen kallo ba sa son sa, suna ganin zai ɓata musu kafet, sai a shekarun 1930 lokacin karayar tattalin arziki a Amurka suka gane akwai kuɗi a ciki. Har yau haka abin yake, babban kaso na kuɗin tikiti yana tafiya ne wajen masu fim da masu rarraba shi, ribar gidan sinima tana wajen abin da suke sayarwa a kanta. Shi ya sa yawancinsu ba sa yarda a shigo da abinci daga waje. Ko kana ganin tsadar ta yi yawa, kuma sau da yawa ta yi ɗin, dokar gidansu ce, mafita ita ce ka ci ka ƙoshi kafin ka zo.

In ka saya kuma ga yadda ake yi. Duk abin da ke cikin leda mai ƙara ka buɗe shi tun ana talla, gaba ɗaya, a yage shi a wuce wurin. Masu buɗewa a hankali a hankali don wai kar a ji su ne suka fi damun mutane, minti biyar ana jin ƙwaras ƙwaras. Ka tauna bakinka a rufe. In lemo ya ƙare ya ƙare, kar ka yi ta zuƙar iska da bututu kana kaɗa ƙanƙara a kofi. Abinci mai ƙarfin wari ba na ɗaki rufaffe ba ne. Cingam kuma in ka gama ka naɗe a takarda, wanda ke manna shi a ƙasan kujera ban san me zan ce masa ba.

Mataki na 4: zama

Layuka yawanci da harafi ake sa musu alama, kujeru kuma da lamba, ka duba sau biyu. In za ka ratsa ta gaban mutane ka ce "a gafarce ni" ko "dan Allah zan wuce" a hankali, ka riƙe jakarka da kofinka a gaba kar su daki kan na layin gaba, kuma kar ka dafa bayan kujerar wani ka ja ta don ka samu ƙarfin wucewa. In kai ne a zaune ka janye ƙafa ko ka miƙe, ba sai an roƙe ka ba.

Ka tarar da wani a kujerarka? Kar ka fara da faɗa, sau da yawa kuskure ne, wani ma ɗakin ya ɓata gaba ɗaya. Ka nuna masa tikitinka ka ce "malam ko za ka duba lambarka, kamar nan tawa ce." In ya ce ai ko'ina ma ɗaya ne ka zauna can, to a nan ne mutane ke yin kuskure su haƙura su zauna a ta wani, shi ma mai ita ya zo ya tashe su bayan an fara fim, rigimar mutum biyu ta zama ta mutum shida. Ka kira ma'aikaci kawai. In kuma kuna so ku yi musaya don ku zauna tare da naku, roƙo ne, kuma wanda aka roƙa yana da damar ya ce a'a ba tare da an ɓata masa rai ba, musamman in kujerar da za ka ba shi ta fi tasa muni.

Hannun kujera ɗaya ne tsakanin mutum biyu, ba wata doka a rubuce, amma kar ka mamaye duka biyun ka baje gwiwar hannu kamar a falonka. Ƙafa kuwa nan ne babbar magana. Kar ka ɗora ta a kan kujerar gaba ko da ba kowa a kai, kujerun layi ɗaya galibi a haɗe suke, in ka tokari ɗaya har na gefe sai ya ji. Masu karkaɗa ƙafa ba su sani ba, ku lura, duk layin kuke girgizawa. Takalmi ya zauna a ƙafarka. Jaka a ƙasa ko a cinya, ba ta sayi tikiti ba balle ta samu kujera. In kai dogo ne ka ɗan zame ƙasa kaɗan, in da wani abu mai tsayi a kanka da za ka iya cirewa ka cire, in ba mai ciruwa ba ne ka nemi layin baya tun farko. In ɗakin kusan ba kowa kuma ba lamba a tikiti, haba, kar ka tsallake kujera 100 ka zo ka manne da mutum ɗaya tilo da ke zaune, ko ka zauna daidai gabansa.

Mataki na 5: waya

Nan zan daɗe, don nan ne ko mutanen kirki suke faɗuwa. Kowa ya yarda ƙarar waya ba daɗi, amma da yawa suna ganin in sun kashe ƙara shi ke nan sun gama, za su iya duba saƙo a ɓoye. Ba a ɓoye waya a duhu. Allon sinima da kake gani kamar yana da haske sosai, a ma'aunin da ake kira nit kusan 48 ne kawai ake saita shi, wayoyin yanzu kuwa suna kai ɗaruruwa, wasu sun haura 1000. In fim ɗin mai tabarau ne na 3D hasken da ke isa ido ma ya fi haka raguwa. Ga shi idon mutum yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu sosai. To ka duba, mutum ya zauna idonsa ya saba, hankalinsa ya tafi cikin labari, kai kuma ka zaro wata 'yar fitila daga aljihu, kuma da yake kujerun hawa-hawa suke duk wanda ke bayanka daga sama yana ganin ta, har hoton wanda kake hira da shi. Ido kuma ba ya shawara da mai shi, da ya ga haske a gefe sai ya juya.

Abin yi mai sauƙi ne. Kafin a kashe fitilu ka tura duk saƙon da za ka tura, ka gaya wa na gida kana sinima sai ƙarfe kaza. Ka kashe ƙara, ka kashe girgiza ma don waya mai girgiza a ramin ajiye kofi ƙararta ta fi ta kira ban haushi. Ka duba ko ka saita ƙararrawar tashi, domin a wayoyi da yawa ita ba ruwanta da an sa waya a shiru, za ta buga abinta. Masu agogon hannu na zamani da ke kawo haske da an ɗaga hannu, yawancinsu suna da wurin saitin sinima, ku kunna shi ko ku ja hannun riga ku rufe. Sannan waya ta shiga aljihu ko jaka, ba cinya ba, in tana cinya wallahi sai ka duba.

In kai likita ne ko ka bar mara lafiya a gida ko mai jego, ba wanda zai ce ka kashe waya. Ka zauna bakin hanya, ka bar ta a girgiza cikin aljihun da ke jikinka, in ta motsa ka tashi ka fita har bayan ƙofa sannan ka duba. Ba a amsa kira a ciki ko da na cewa "ina sinima zan kira ka" ne, wannan ɗin ma kowa ya ji shi.

Sai ɗaukar bidiyon allo don a sa a WhatsApp ko Instagram a nuna an je. Wannan ya wuce rashin ladabi, a ƙasashe da yawa laifi ne a doka. A Amurka tun 2005 akwai dokar tarayya da ta sa ɗaukar fim a sinima da kyamara zai iya kai mutum gidan yari har shekara 3 a karon farko. Kuma finafinan da ake haskawa yanzu suna ɗauke da wata ɓoyayyar alama a hoto da sauti wadda ke nuna a wane gida aka ɗauka da kuma yaushe. In hoto kake so ka ɗauka a waje gaban fosta, ka riƙe tikitinka ka yi murmushi, ya isa shaida.

Mataki na 6: baki

Ba ana cewa ka zauna kamar gunki ba ne. Dariya a wurin dariya, firgita a wurin tsoro, har tafi in abu ya yi daɗi kowa ya ɗauka, wannan ai shi ne daɗin kallo cikin jama'a, fim ɗin barkwanci a ɗaki cike ya ninka daɗinsa a gida. Abin da ba a so shi ne hira. Da sharhi. Da ba jarumi shawara, "kar ka shiga ɗakin nan, kai wawa ne?" Ba ya jin ka, mu ne muke ji. Da tambayar "wannan ɗin waye?" duk bayan minti biyar, ka yi haƙuri ka kalla, mai fim ɗin zai gaya maka in lokaci ya yi. Da karanta fassarar ƙasan allo da ƙarfi. Da rera waƙar fim tare da mai waƙa.

Raɗa ma tana tafiya nesa fiye da yadda kake zato, an gina ɗakin ne yadda zai shanye amsa-kuwwa don a ji ƙaramin sauti, shi ya sa in fim ya yi tsit ana jin sus-sus ɗinka layi uku. Akwai kuma tarkon da kowa ya taɓa faɗawa, ana harbe-harbe ka ɗaga murya don abokinka ya ji, kwatsam sautin ya ɗauke, sai muryarka kaɗai a ɗakin. In maganar dole ce ka kai bakinka kunnensa, kalma biyu uku, shi ke nan.

In ka riga ka kalli fim ɗin to amana ce a hannunka. Ba faɗin ƙarshe kaɗai ne ɓata labari ba, har da "kalli nan da kyau", da zungurar mutum kafin abu ya faru, da fara dariya tun ba a kai wurin ba. Waɗanda suka zo su biyu kuma, ku tuna duhun ba bango ba ne, akwai mutane a gefe da baya har da yara.

Wasu gidajen ba sa wasa da masu surutu da taɓa waya. Alamo Drafthouse da ya fara a Austin ta jihar Texas a 1997 ya yi suna ne a kan haka, a ja maka kunne sau ɗaya, ka sake a fitar da kai kuma ba a mayar maka da kuɗinka.

Mataki na 7: in da yara ka zo

Ka zaɓi fim ɗin da ya dace da su da lokacin da ba barci suke ji ba. Tun a hanya ka yi musu bayani, za a kashe wuta, sauti zai yi ƙarfi, ba a gudu ba a tsalle a kujera, in kana son magana ka taɓa ni. Ka kai su banɗaki kafin a fara ko sun rantse ba sa ji. Ka zauna tsakaninsu, ka sa ido a kan ƙafafunsu don yaro ba ya sanin yana harbin kujerar gaba. In jariri ya fara kuka ka fita da shi nan take, kar ka tsaya kana jijjiga shi kana fatan zai yi shiru, kuma gaskiya sautin sinima ya yi wa kunnen jariri ƙarfi. Wasu gidajen suna ware lokaci na musamman don iyaye masu jarirai ko yaran da hayaniya ke damu, a rage sauti a bar 'yar fitila, ka tambaya ko akwai. Mu ma sauran, in muka shiga fim ɗin yara da rana tsaka to mu sassauta, wurinsu muka zo.

Mataki na 8: fita a tsakiyar fim

A Indiya an saba ba da hutu a tsakiyar fim, amma a yawancin wurare babu, in ka matsu sai dai ka tashi. Ka sunkuya, ka bi ta ɓangaren da ya fi kusa da hanya, ka riƙe ƙofa ta rufu a hankali. In ka dawo kar ka ce a ba ka labarin abin da ya wuce, ka bari sai an fito.

Mataki na 9: in wani ne ke damun ka

Ka ɗan ba shi minti ɗaya ko biyu tukuna, wataƙila zai daina da kansa. In bai daina ba ka juya ka yi magana a hankali da ladabi, "dan Allah ɗan uwa hasken wayar na dukan idona", ko "baiwar Allah a taimaka a rage murya." Yawancin mutane kunya za su ji su daina, da ma ba su san ana jin su ba. Abin da ba ya aiki shi ne tsaki, da doguwar shiiii daga nesa wadda ita ma hayaniya ce, da harara irin tawa da ba wanda ya gani. Sau ɗaya za ka yi magana. In ya ƙi, ko ka ga alamar mai neman rigima ne ko ba a cikin hayyacinsa yake ba, kar ka biye masa, ka fita ka gaya wa ma'aikaci lambar layin, aikinsu ne kuma suna da ikon fitar da mutum. In akwai wurin da ba kowa ka koma can. In hoton ne ya lalace ko sauti ya ɗauke, ihu a ciki ba ya gyara komai don sau da yawa ba kowa a ɗakin na'urar, kwamfuta ce ke tafiyar da ita, sai wani ya fita ya faɗa.

In kuma kai aka yi wa magana, ka ce "yi haƙuri" ka daina. Ko da a ganinka muryarka ba ta fita ba, tunda har ya juyo to ta fita.

Mataki na 10: an gama

Da sunaye sun fara hawa allo wasu sai su zabura kamar an ce gobara. Ba laifi ka tafi, amma akwai masu zama su ji kiɗan ƙarshe ko su karanta sunayen, a Japan ma da yawa ba sa motsi sai an kunna fitila. Kuma tun da kamfanin finafinai na Marvel suka sa ɗan guntun fim bayan sunaye a fim ɗinsu Iron Man a 2008 abin ya zama ruwan dare, mutane na jira su ga ko akwai ƙari. Don haka in za ka fita ka fita, kar ka miƙe ka tsaya a gaban mutane kana miƙa kana gyara riga kana duba saƙonnin da suka taru. In kai ne mai zama ka janye ƙafa masu fita su wuce.

Ka duba ƙasan kujera da ramin kofi, waya da makulli da walat a nan suke zamewa. Ka kwashe kofinka da kwalin gugguru ka jefa a kwandon shara da ke bakin ƙofa, masu shara 'yan mintuna kaɗan gare su kafin masu kallo na gaba su shigo, kuma "ai aikinsu ne" ba hujja ba ce. In ka zubar da lemo ka gaya musu kar wani ya zame. Tabarau na 3D in na gidan ne ka mayar a akwatin da aka ajiye, ba ya aiki a yawancin talabijin na gida balle a rana. A matakala ka bar tsofaffi da masu yara su fara sauka.

Sai na ƙarshe wanda kusan kowa ke mantawa. Kun fito kuna zumuɗi, "kai ashe matar ce ta kashe shi!", alhali mutanen da ke tsaye a layi a bakin ƙofa su ne masu shiga kallo na gaba, haka wanda ke wanke hannu kusa da kai a banɗaki, haka na cikin lifta. Ku riƙe hirar har ku bar harabar wurin. In za ka rubuta a intanet kuma ka faɗi ko ya yi daɗi ko bai yi ba, in sai ka taɓo labarin to ka sa gargaɗi a layin farko, ka bar sarari sosai kafin ka fara.